Sharhi: Ƙurar Ma'adinai da Lafiyar Yaranmu a Kudancin Kano

Idan za a iya tunawa, a farkon shekarar 2010 ne wani al'amari mai tayar da hankali ya auku a wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara. Abin da mazauna ƙauyukan suka fara lura da shi shi ne agwaginsu na mutuwa ɗaya bayan ɗaya, har aka wayi gari babu su a bakin kududdufai. Ba a ɗauki abin da muhimmanci ba, domin mutuwar tsuntsaye ba baƙon abu ba ne a karkara. Ba a jima ba sai ciwo ya koma kan ƙananan yara: yaro zai fara da amai da ciwon ciki, daga nan sai jijjiga, sai suma, cikin 'yan kwanaki sai a ji an yi rashinsa. Wasu iyayen suka ce zazzaɓin cizon sauro ne, wasu suka ce sanƙarau, wasu kuma suka danganta shi da iska. A watan Maris na wannan shekara, ma'aikatan ƙungiyar likitocin agaji ta MSF da ke zagayen sa ido kan sanƙarau a yankin suka lura da yawan sababbin ƙananan kaburbura. Suka ba yaran maganin zazzaɓi bai yi aiki ba. Sai da aka aika da jininsu ɗakin gwaji a Turai sannan aka gano cewa gubar dalma ce.

Binciken da jami'an Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka suka gudanar tare da takwarorinsu na Nijeriya a ƙauyuka biyu da abin ya fi ƙamari ya nuna cewa daga cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara 5, guda 118 sun rasu cikin shekara ɗaya, wato yaro ɗaya cikin kowane huɗu. Jimillar yaran da aka tabbatar sun rasu a yankin ba ta gaza 400 ba, wasu dubbai kuma suka rayu da gubar a jikinsu. Musabbabin abin kuwa ba wani boyayyen sirri ba ne. Farashin zinariya ya tashi a kasuwar duniya, jama'a suka karkata ga haƙarta, kuma dutsen da suke haƙowa yana ɗauke da dalma mai yawan gaske. Maza kan kawo dutsen gida a buhuna, mata su daka a turmi, a kai sauran injin niƙa, a wanke a shanya a tsakar gida. Ƙurar ta bi iska ta sauka a ɗaki, a kan tabarma, a bakin randa, a cikin kwanon abinci. Magidanta da suka haƙo dutsen galibinsu sun ci gaba da harkokinsu, yaran da ke rarrafe a tsakar gida su ne suka kwanta.

Wannan bambanci tsakanin babba da yaro shi ne ginshiƙin duk wata magana da za a yi kan muhalli da lafiyar yara. Yaro ɗan shekara ɗaya ko biyu a ƙasa yake wuni. Duk abin da ya tsinta baki zai kai, hannunsa kuma ba ya rabuwa da bakinsa. Bugu da ƙari, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa idan yaro da babba suka haɗiyi dalma daidai wa daida, abin da hanjin yaron zai zuƙa ya kai ninki 4 zuwa 5 na wanda jikin babban zai ɗauka. Idan yaron yana fama da ƙarancin jini ko rashin abinci mai gina jiki, zuƙar takan ƙaru, domin jiki yakan ɗauki dalmar a madadin sinadaran da ya rasa. Sannan ƙwaƙwalwarsa tana cikin ginuwa ne, duk abin da ya taɓa ta a wannan lokaci tabonsa ba ya gogewa. Mace mai juna biyu ma tana cikin wannan sahu, domin dalmar da ta taru a ƙashinta tun shekarun baya takan sauko cikin jini lokacin goyon ciki ta isa ga ɗan tayi. A rahoton da hukumar ta fitar a 2017, ta ƙiyasta cewa yara miliyan 1.7 'yan ƙasa da shekara 5 ne ke rasuwa duk shekara a duniya sanadiyyar gurɓatar muhallinsu, wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na dukkan mace-macen yara masu waɗannan shekaru.

Mai karatu a Bebeji ko Kiru zai iya tambaya, to mene ne haɗin wannan labari da mu? Haɗin yana nan a kudancin jiharmu. Garin Riruwai da ke ƙaramar hukumar Doguwa ya daɗe da sanin haƙar ma'adinai. Tun kafin zuwan Turawa ake haƙo kuza ana narkar da ita a wurin da tsofaffin rubuce-rubuce ke kira Liruwen Kano, fatake na kai ta kasuwanni masu nisa. A zamanin mulkin mallaka kamfanoni suka shigo, daga baya aka kai ga haƙa rami mai zurfi a ƙarƙashin dutse, har zuwa shekarun 1980 lokacin da kasuwar kuza ta duniya ta karye aikin ya tsaya. Kamfanoni sun tafi, amma ramuka da tsibin dutsen da aka fasa da tafkunan da ruwa ya cika suna nan, masu haƙar hannu kuma ba su taɓa dainawa ɗungurungum ba. Masana ilimin duwatsu sun daɗe da rubuta cewa jijiyar dutsen da ke ɗauke da kuza a Riruwai tana tafe ne tare da wasu ma'adinai, ciki har da dutsen dalma, wato irin baƙin dutsen nan mai ƙyalli da ake niƙawa a yi tozali.

Faɗin haka ba yana nufin abin da ya auku a Zamfara yana aukuwa a Doguwa ba ne, kuma ba nufin wannan sharhi ba ne ya firgita kowa. Abin lura shi ne mutanen Anka ma sun shekara da shekaru suna wankin zinariya a rafi ba tare da sun binne yaransu ba. Abin da ya canza a wajensu abu biyu ne: farashi ya tashi har kowane gida ya shiga sana'ar, sannan injin niƙa ya shigo ya mai da dutse gari mai laushi da iska ke ɗauka. Duka biyun suna iya faruwa a ko'ina. A shekarun 2024 da 2025 farashin zinariya ya kai matsayin da bai taɓa kaiwa ba, neman sauran ma'adinai ya ƙaru a jihohin Arewa, tsadar rayuwa kuma tana tura matasa da yawa bakin rami da zarar an gama girbi. Matashin da ya tashi daga Tudun Wada ko Kiru ya tafi cin rani wajen haƙar ma'adinai a wata jiha yakan dawo da kayansa, wani lokaci har da buhun dutsen da bai gama sarrafawa ba. Masu iya magana sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Akwai kuma batun ruwa, wanda ya ɗaure waɗannan ƙananan hukumomi da igiya guda. Ruwan saman da ke sauka a duwatsun Doguwa yana gangarowa ta dajin Falgore da ƙasar Tudun Wada ya taru a madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo. Daga Tiga ne ruwa ke bin magudanai zuwa gonakin rani na Kadawa da Kura da Bunkure, daga kogin Kano kuma ake ɗibar wani kaso na ruwan da birni ke sha. Saboda haka duk abin da aka wanke a rafukan sama ba na mutanen sama kaɗai ba ne. Ko shakka babu Tiga alheri ce babba, shinkafa da tumatir da alkamar da take shayarwa sun rufa wa gidaje da yawa asiri. Amma ruwa mai kwanciya yana da nasa harajin, kuma yara ne ke biya. Cutar tsargiya, wadda ke sa yaro fitsarin jini, tana yaɗuwa ne ta hanyar ƙananan dodon koɗi da ke zaune a gefen tafki da magudanar rani: mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwayoyin su shiga dodon koɗi su girma, su fito su huda fatar yaron da ya shiga wanka. Har yau a wasu ƙauyuka ana ɗaukar fitsarin jini a matsayin alamar balagar ɗa namiji, alhali ciwo ne da ke shanye jininsa ya kuma lalata mafitsara a hankali. Maganinsa yana nan, ana rabawa kyauta a makarantu lokaci zuwa lokaci, sai dai yaron da ya sha magani yau ya koma ruwan nan gobe zai sake kamuwa.

Haka nan maganin feshi. Noman masara da shinkafa a wannan yanki yanzu ba ya yiwuwa ba tare da maganin ciyawa da na ƙwari ba, amma inda ake ajiye shi da abin da ake yi da robarsa bayan ya ƙare abin dubawa ne. A wata ziyarar wayar da kai da muka kai wani ƙauye, na ga yarinya ta ɗebo ruwa a robar maganin ciyawa, takardar gargaɗin ma ba ta gama ɓarewa daga jikinta ba. Da aka yi wa mahaifinta magana sai ya ce ai an wanke ta da toka. Bai faɗi haka don rashin ƙaunar 'yarsa ba, babu dai wanda ya taɓa zaunar da shi ya yi masa bayani. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben maganin ƙwari mai ƙarfi irin wanda ake haɗa fiya-fiya da shi, amma duk wanda ke shiga kasuwannin ƙauye ya san har yanzu ana fesa irinsa a ɗakin da jarirai ke kwana.

Mu koma kan dalma, domin ita ce mafi wuyar ganewa. Tsargiya tana nuna kanta a fitsari, maganin feshi yana da wari, dalma kuwa ba ta da wari ba ta da ɗanɗano, kuma alamominta iri ɗaya ne da na cututtukan da muka saba da su. Ma'aikacin ƙaramin asibiti da aka kawo masa yaro yana jijjiga zai fara zargin zazzaɓin cizon sauro ne, kuma yana da hujja, domin shi ne ya fi yawa. Gwajin jini ne kaɗai ke rarrabewa. A ma'aunin da likitoci ke amfani da shi, idan dalmar jinin yaro ta kai 5 ana so a nemo inda take fitowa a toshe, idan ta kai 45 ana duba yiwuwar ba shi maganin da ke fitar da ita. Na'urar hannu da aka kai Zamfara tana iya karantawa ne zuwa 65 kawai, jinin yara da yawa ya wuce inda take iya karantawa.

A ganina, abin da ya fi cancantar damuwarmu a nan kudancin Kano shi ne ƙaramin adadin da ba ya kwantar da yaro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka san ba shi da illa. Kaɗan daga cikinta yana rage kaifin basira, ya sa yaro rashin natsuwa da saurin fushi, ya hana shi riƙe karatu. Irin wannan yaro ba za a kai shi asibiti ba. A makarantar allo za a ce ba ya hadda, a ta boko a ce daƙiƙi ne, a gida a ce ƙiriniya ta yi masa yawa, ya sha duka a kan abin da ba laifinsa ba. Rahoton da asusun UNICEF ya fitar a 2020 ya ƙiyasta cewa yaro ɗaya cikin uku a duniya, kimanin miliyan 800, yana da dalma a jininsa da ta kai wancan ma'auni na 5. Ba daga rami kaɗai take fitowa ba: akwai masu fasa tsohon batirin mota su narkar da dalmarsa a cikin unguwa, akwai wasu nau'o'in fenti, akwai kuma tozali. A 2012 hukumomin lafiya na Amurka sun ba da rahoton wani jariri ɗan asalin Nijeriya a birnin Boston da aka samu dalma ta hau a jininsa, da aka bincika sai aka tarar tozalin da ake sa masa ne, wanda fiye da kashi 80 cikin 100 nasa dalma ce zalla. Al'adar ranbaɗa wa jariri kwalli tun ranar suna tsohuwa ce a wurinmu, kuma na san kakanni ba za su ji daɗin wannan magana ba, amma jaririn yakan murza idonsa ya kai hannun baki.

Darasi na gaba daga Zamfara shi ne tsadar gyara. Likitoci sun ƙi fara ba yara magani a ƙauyen da ba a tsabtace ba, domin yaron da aka fitar wa guba ya koma gidan da ƙurar take zai sake ɗiba. Sai da aka bi gida gida ana kankare saman ƙasar tsakar gida da ɗakuna, ana kwashewa a binne a rami na musamman, a zubo sabuwar ƙasa. A garin Bagega, wanda ya fi sauran girma, aikin ya tsaya jiran kuɗi daga gwamnatin tarayya har zuwa 2013, yara suna zaune cikin gubar duk tsawon wannan lokaci. Sai a 2022 ƙungiyar MSF ta miƙa aikin jinyar ga hukumomin jihar, bayan kusan shekara 12. Kuma kafin a gama da wannan, a 2015 irin abin ya sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, inda yara 28 suka rasu ta hanya iri ɗaya: an kawo dutse gida an niƙa. Labarin Zamfara ya karaɗe gidajen rediyo, amma bai isa kunnen waɗanda ya kamata su ji shi ba.

To alhakin wa ne? A nan ne jami'an ƙananan hukumomi kan ɗaga hannu su ce ma'adinai hurumin gwamnatin tarayya ne. Gaskiya ne, tsarin mulki da dokar ma'adinai ta 2007 sun ɗora ba da lasisi da kula da wuraren haƙa a wuyan tarayya, ko da yake dokar ta tanadi kwamitin kula da albarkatun ƙasa da muhalli a kowace jiha. Sai dai yaran Zamfara ba a bakin rami suka sha guba ba, a tsakar gidan iyayensu suka sha. Tsakar gida da injin niƙa da rijiya da bakin kasuwa kuwa suna ƙarƙashin idon mai unguwa da dagaci da hakimi, da kuma sashen lafiya na ƙaramar hukuma. Tsarin mulkin 1999 ya lissafa tsabtar gari da kwashe shara da shiga cikin harkar kiwon lafiya a cikin ayyukan ƙananan hukumomi, hukuncin Kotun Ƙoli na watan Yulin 2024 kuma ya ce kuɗinsu nasu ne su sarrafa. Dattawanmu suna tuna zamanin duba-gari, lokacin da jin an ce yana tafe kan sa a share gida a rufe randa. Jami'an tsabtar muhalli suna nan har yau a kowace sakatariya, abin da sau da yawa suke rasawa shi ne babur da man zuwa ƙauye, da kuma sanin cewa buhun dutse a zaure ya fi tarin shara haɗari.

Hana sana'ar gaba ɗaya ba mafita ba ce. An gwada a Zamfara, inda gwamnatin tarayya ta haramta haƙar ma'adinai daga 2019 zuwa ƙarshen 2024 saboda dalilan tsaro, kuma sanin kowa ne ba a daina haƙa ba. Mutumin da aka hana shi niƙa dutse a fili zai shigar da shi ɗaki ya rufe ƙofa, wanda hakan shi ne mafi muni ga yaransa. Abin da ya yi aiki a ƙauyukan da aka gyara shi ne yarjejeniya da masu sana'ar kansu: a keɓe wuri a bayan gari, nesa da rijiya da rafi, inda za a riƙa fasa dutse da niƙa shi, a riƙa jiƙa shi da ruwa kafin a niƙa domin ƙura ta kwanta, ma'aikaci ya yi wanka ya canza tufafi a can kafin ya dawo gida ya ɗauki ɗansa, kada mai goyo ko mai ciki ko yaro mai tallan abinci ya shiga wurin. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke bukatar kwangila. Suna bukatar hakimi ya tara shugabannin masu haƙa da limamai da masu injin niƙa a yi magana, a kuma sa wanda zai riƙa bibiya.

Abin da ya fi ƙarfin ƙauye shi ne gwaji, kuma a nan ne ya kamata shugabannin ƙananan hukumomin Doguwa da Tudun Wada su nemi haɗin gwiwar Ma'aikatar Lafiya da ta Muhalli, da masana na Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, a auna ƙasar gidaje da ruwan rijiyoyin garuruwan da ke kusa da wuraren haƙa, a kuma gwada jinin wani adadi na yara 'yan ƙasa da shekara 5. Idan sakamako ya fito lafiya, hankalin kowa ya kwanta kuma an samu ma'aunin da za a riƙa kwatantawa da shi nan gaba. Idan kuma an ga wani abu, an gan shi tun yana ƙarami. Kafin nan, ya kamata a sanar da ma'aikatan ƙananan asibitoci cewa duk yaron da aka kawo yana jijjiga, gwajin zazzaɓi bai nuna komai ba ko magani ya ƙi ci, a tambayi iyayensa sana'ar da ake yi a gidan, a kuma kai rahoto ga jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma idan irin haka ta maimaitu a unguwa ɗaya. Masu unguwanni kuma su leƙa injinan niƙa na garuruwansu su tabbatar cewa injin da ke niƙa masara da dawa ba shi ne ke niƙa dutse da daddare ba, sannan duk inda aka ga kaji ko agwagi na mutuwa ba dalili kusa da inda ake sarrafa dutse, a gaggauta sanar da dagaci da sashen lafiya.